Abinci da ƙurajen fuska: Abin da bincike ya tabbatar da abin da ya rage zato

Da wuya a sami gida mai matashi a Najeriya da ba a taɓa ɗora wa gyaɗa laifin ƙurajen fuska ba. Da zarar sun feso wa yaro ko yarinya a goshi, sai a shiga lissafin abin da aka ci a kwanakin: gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai, bota ko soyayyen abu. A 'yan shekarun nan kuma wani sabon bayani ya bazu a kafofin sada zumunta, wanda ke cewa ƙurajen alama ce ta rashin jituwar jiki da wani abinci, saboda haka sai mutum ya yi gwajin jini an gano abincin, ya daina cin sa, kafin fuskarsa ta washe.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Wani bincike da likitan fata Husain Yahya ya gudanar a makarantun sakandare na Kaduna, wanda aka wallafa a 2009, ya gano cewa kimanin tara daga cikin kowane ɗalibai goma da aka duba suna da ƙurajen, ko da yake na mafi yawansu marasa tsanani ne. Da dama daga cikin ɗaliban sun yi imanin cewa bota da dangin gyaɗa da ƙwai ne ke kawo su. A matakin duniya kuwa, ƙididdigar cututtuka ta 2010 ta sanya ƙurajen fuska a matsayi na takwas cikin cututtukan da suka fi yawa, inda suka shafi kashi 9.4 cikin 100 na al'ummar duniya.

Ga mai baƙar fata, ƙurjin kan warke ya bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya dushe. Wannan tabon ne ke hana wasu matasa sakewa cikin jama'a, shi ne kuma ke tura wasu ga mayukan bilicin. Saboda haka sanin ainihin rawar da abinci ke takawa yana da muhimmanci ga lafiya da kuma aljihu.

Yadda ƙurji ke samuwa

A ƙarƙashin fatar fuska da ƙirji da gadon baya akwai 'yan ƙananan jakunkuna da ke tsatso maiƙo, wanda ke bi ta ƙofar gashi ya fito ya laushe fata. Idan mutum ya fara balaga, sinadaran homon da ake kira androjin, waɗanda maza da mata duka suke da su, sukan ƙaru, sai jakunkunan su girma, maiƙon ya yawaita.

Daga nan abubuwa uku ke biyo baya. Matattun ƙwayoyin fata sukan manne da maiƙon su toshe ƙofar gashin. Wata bakteriya mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowa, sai ta sami wurin hayayyafa a cikin toshiyar. Garkuwar jiki kuma ta kawo ɗauki, wurin ya kumbura, ya yi zafi, wani lokaci ya tara mugunya.

Wannan aiki yakan fara ne makonni kafin ido ya ga ƙurjin. Don haka ƙurjin da ya bayyana da safiyar yau, tushensa ya riga gyaɗar da aka ci jiya da yamma. Gado ma yana da ƙarfi a lamarin, domin wanda iyayensa suka yi fama da ƙuraje masu tsanani ya fi kusa da yin irinsu.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Idan aka ce jiki bai jitu da abinci ba, ana iya nufin abubuwa uku mabambanta, kuma cakuɗa su ne ke jawo ruɗani.

Na farko shi ne alaji, wato garkuwar jiki ta ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba. Wani sinadarin garkuwa da ake kira IgE ne ke haddasa shi, kuma alamominsa kan bayyana cikin mintuna zuwa kimanin sa'o'i biyu bayan cin abincin: borin jini, ƙaiƙayi, kumburin leɓe da fatar ido, amai, ko sarƙewar numfashi. Gyaɗa, ƙwai, madara, kifi da jatan lande na cikin abincin da suka fi jawo shi. Idan ya kai ga numfashi, lamari ne na gaggawa da ke buƙatar asibiti nan take. Sai dai borin jini ba ya toshe ƙofar gashi, ba ya yin farin kai ko baƙin kai, kuma yakan lafa cikin sa'o'i. Ƙurajen fuska ba sa cikin alamomin alaji.

Na biyu shi ne gazawar hanji wajen narkar da wani abu, kamar laktos, wato sukarin da ke cikin madara. Wannan ba ruwansa da garkuwar jiki. Alamominsa a ciki suke: kumburi, ƙugi, yawan iska da gudawa. Kimanin kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ba sa narkar da laktos sosai. A Najeriya an daɗe da sanin haka, domin wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 1971, wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, na cikin marubutansa, ya nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya na narkar da laktos har girmansu, alhali galibin manya daga cikin Yarbawa da Ibo ba sa iyawa. Amma wannan bambanci na hanji ne, ba shi ke raba masu ƙuraje da marasa su ba.

Akwai kuma cutar siliyak, wadda garkuwar jiki ke lalata hanji idan an ci gulutin, furotin ɗin da ke cikin alkama. Ita tana iya fitowa a fata, amma da ƙananan bororo masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa da ɗuwawu, waɗanda kamanninsu daban ne da ƙurajen fuska.

Na uku shi ne tasirin abinci a kan sinadaran homon. Nan ne alaƙar gaskiya take, kuma ba cuta ba ce da ta keɓanta da wasu mutane. Hanya ce da jikin kowa ke bi wajen sarrafa abinci, sai dai fatar wani ta fi ta wani saurin nuna sakamakon.

Yadda aka rufe muhawarar, aka sake buɗe ta

Tsawon shekaru fiye da 30 ana koya wa ɗaliban likitanci cewa abinci ba shi da hannu a ƙurajen fuska. Babban ginshiƙin wannan ra'ayi shi ne wani bincike da likitoci uku, Fulton da Plewig da Kligman, suka wallafa a mujallar JAMA ta Amurka a 1969. Sun ba mutum 65 cakulan, wani lokaci kuma suka ba su wata alawa mai kama da shi amma babu koko a cikinta, ba su ga bambanci ba. Daga baya masana suka lura da cewa alawar da aka yi kwatancen da ita cike take da sukari da kitse kamar cakulan ɗin, kuma ƙungiyar kamfanonin cakulan ta Amurka ce ta tallafa wa binciken.

A 2002 wani ayarin masu bincike ƙarƙashin Loren Cordain ya sake tayar da maganar. Sun ba da rahoton duba mutum 1,200 a tsibirin Kitava na ƙasar Papuwa Niyu Gini, ciki har da matasa 300 masu shekara 15 zuwa 25, da kuma mutum 115 na ƙabilar Ache a Paraguwai. Ba a sami mai ƙurajen fuska ko ɗaya ba. Abincin mutanen Kitava doya ne da dankali da gwaza da kifi da kwakwa da 'ya'yan itatuwa, kusan babu sukari ko fulawa ko madara. Wannan bai isa hujja ba shi kaɗai, tun da gado da yanayin rayuwarsu ma daban ne, amma ya sa masana suka koma ɗakin bincike.

Sukari da farin gari

Hujja mafi ƙarfi zuwa yanzu ta shafi abincin da ke ɗaga sukarin jini da sauri: lemon kwalba, alawa, kek, farin burodi, fanke, cincin, taliyar leda da farar shinkafa. Idan aka ci irin wannan abinci, jiki kan saki insulin mai yawa don sauke sukarin. Yawan insulin kuma yana ƙara ƙarfin wani sinadarin girma da ake kira IGF-1, wanda galibi hanta ke samarwa. Su biyun suna zuga androjin, suna ƙara maiƙo, suna kuma hanzarta tohowar ƙwayoyin fatar da ke toshe ƙofar gashi.

Wata cuta ta gado da ba a cika samu ba ta ƙara haska matsayin IGF-1. Masu cutar Laron, wadda aka sa wa sunan likitan Isra'ila da ya fara bayyana ta, jikinsu ba ya samar da isasshen IGF-1, kuma ba su cika yin ƙurajen balaga ba. An ga ƙurajen sun fito wa wasu daga cikinsu ne lokacin da maganin IGF-1 da ake ba su ya yi yawa.

An kuma gwada lamarin kai tsaye. A birnin Melbon na Ostireliya, an raba samari 43 masu shekara 15 zuwa 25 gida biyu. Rukuni ɗaya ya koma cin abincin da ba ya saurin ɗaga sukari tsawon mako 12, ɗayan ya ci gaba da irin abincin da aka saba. Sakamakon da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa ƙurajen rukunin farko sun ragu kusan ninki biyu na raguwar da aka gani a na biyun. Sai dai samarin rukunin farko sun rage nauyi, wanda shi ma yana iya taimakawa. A 2012 wani gwaji a Koriya ta Kudu kan mutum 32 na tsawon mako 10 ya sami sakamako makamancin haka, har ma aka ga jakunkunan maiƙon sun ƙanƙance a samfurin fatar da aka duba.

A Faransa, wani bincike kan manya 24,452 da aka wallafa a 2020 ya sami alaƙa tsakanin ƙurajen manya da shan abin sha mai zaƙi, da madara, da cin kayan da suka haɗa maiƙo da sukari.

Darasin da ke ciki ga mai karatu a Najeriya a fili yake. Karin kumallon shayi mai cokali uku na sukari da madarar gwangwani da farin burodi, sannan lemo da rana, sannan zoɓo ko kunun zaƙi da yamma, tarin sukari ne mai yawa. Kwalbar lemo ɗaya na iya ɗaukar kimanin cokalin shayi takwas zuwa tara na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kusan cokali 12 ga babban mutum.

Batun madara

Binciken da ya fi shahara kan madara da ƙuraje ɗan Najeriya ne ya jagorance shi. Clement Adebamowo, likitan tiyata daga Ibadan, tare da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard, sun yi nazarin bayanan mata ma'aikatan jinya 47,355 a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2005. Matan da suka fi shan madara a shekarunsu na sakandare sun fi ba da rahoton cewa likita ya taɓa tabbatar musu da ƙuraje masu tsanani. Abin da ya ba da mamaki shi ne alaƙar ta fi ƙarfi da madarar da aka cire wa kitse, abin da ke nuna cewa ba maiƙon madarar ne matsalar ba. Ayarin ya sake samun irin wannan alaƙa a nazarin 'yan mata 6,094 da samari 4,273.

A 2018 masana a Denmak suka tattara bincike 14 da suka ƙunshi yara da matasa 78,529, suka ga cewa yiwuwar samun ƙuraje ta fi da kimanin kashi 25 cikin 100 ga masu amfani da madara da dangoginta. A gida ma, wani nazari kan ɗaliban sakandare 464 a Ibadan da aka wallafa a 2016 ya sami ƙurajen a fuskar kashi 64 cikin 100, kuma sun fi yawa a tsakanin masu shan madara da cin kek a kai a kai.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne madara abinci ne da aka halitta don ɗan maraƙi ya yi saurin girma. Tana ɗaga insulin fiye da yadda sukarinta ke nunawa, tana kuma ƙara IGF-1. Wannan ne ya sa likitocin fata suka ba da rahotannin ƙuraje a jikin samari masu ɗaga ƙarfe da ke shan garin furotin da ake yi da ruwan da ke saura bayan an kaɗa cuku.

Akwai iyaka ga waɗannan bincike. Duk na lura ne, wato an tambayi mutane abin da suke ci aka kwatanta da fatarsu, kuma haɗuwar abu biyu ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Game da yogot da cuku kuwa, sakamakon ya saɓa wa juna. Tun da nono da kindirmo sun fi kusa da yogot, babu dalilin haramta wa matashi fura da nono. Abin dubawa a ƙwaryar shi ne yawan sukarin da aka zuba.

Gyaɗa, ƙwai da soye-soye

Gyaɗar da aka fi zargi tana cikin abincin da ba ya saurin ɗaga sukarin jini, domin furotin da mai da harza ne suka fi yawa a cikinta. Haka ƙwai. Wani ɗan ƙaramin gwaji a Amurka a 1971 ya ba ɗalibai 27 abincin da suke zargi, ciki har da gasasshiyar gyaɗa, suka ci da yawa tsawon mako guda, ba a ga ƙurajensu sun ƙaru ba. Gwajin yana da rauni saboda ƙarancin mutane da gajartar lokaci, amma babu wani ƙwaƙƙwaran bincike da ya zo bayansa ya kama gyaɗa da laifi.

Man da aka ci kuma ba ya bi ta jini ya fito a fuska. Maiƙon fata a cikin fatar ake yin sa, bisa umarnin homon. Man da ke iya toshe ƙofar gashi shi ne wanda ya taɓa fatar daga waje, kamar wanda ke fantsama wa mai tuyar ƙosai ko mai aiki a gaban kasko, da man gashi mai kauri da ke gangarowa goshi.

Gwajin jinin da ake tallatawa

Gwajin da ake tallatawa da sunan gano abincin da bai karɓi mutum ba yana auna wani sinadarin garkuwa ne mai suna IgG a kan abinci iri-iri, wani lokaci sama da ɗari. Matsalarsa ita ce lafiyayyen jiki ma yana samar da IgG ga abincin da ya saba ci. Yawansa shaida ce ta sabo da abincin, ba ta cuta ba. Shi ya sa takardar sakamakon kan lissafo ainihin abin da mutum ke ci kullum.

Ƙungiyar likitocin alaji ta Turai ta yi watsi da wannan gwaji a 2008, ta Kanada ta yi haka a 2012, ta Amurka ma matsayinta ke nan. Haɗarinsa ya wuce asarar kuɗi. Matashin da aka hana wa ƙwai da wake da gyaɗa da madara lokaci guda, a shekarun da ƙashinsa ke ginuwa, an raba shi da furotin mafi sauƙin kuɗi a kasuwa, ga ƙurajen kuma suna nan.

Abin da ba abinci ba ne

Kafin a zargi tukunya, ya kamata a duba abin da ke kan madubi. Da dama daga cikin mayukan bilicin na ɗauke da sinadarin sitiyarod mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone. Da farko sukan kwantar da kumburi, fuska ta yi kamar ta gyaru, daga baya su feso da ƙuraje masu kama da juna, fatar ta yi siriri. An gudu ba a tsira ba ke nan. Haka magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu ke ɗauke da dexamethasone, da kuma yawan allurar bitamin B12 ba tare da buƙata ba.

Ga mata, ƙurajen da ke taruwa a haɓa da muƙamuƙi, tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a fuska, na iya zama alamar matsalar homon da ta shafi ƙwan mace, wadda likita ne kaɗai zai tantance. Yawan dirje fuska da soso ko sabulu mai kaifi, da matse ƙurji da farce, suna ƙara kumburi da tabo.

Yadda mutum zai gwada da kansa

Wanda yake zargin wani abinci zai iya gwadawa ba tare da kashe ko kwabo ba. Ya zaɓi abu ɗaya tak, ko dai kayan zaƙi ko madara, ya rage shi sosai tsawon mako takwas zuwa 12, ba tare da sauya sabulu ko man shafawa a lokacin ba. Ya riƙa ɗaukar hoton fuskarsa sau ɗaya a mako a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin ido kan yaudari mai shi. Mace kuma ta riƙa rubuta kwanakin al'adarta, tun da ƙuraje kan ƙaru gab da zuwanta. Idan an ga sauƙi, sai a dawo da abincin a gani ko ƙurajen za su dawo. Idan babu bambanci, abincin ya kuɓuta daga zargi.

Rage sukari ba ya buƙatar abincin ƙasar waje. Wake da alale da ɗanwake, kwaɗon zogale ko rama, miyar ganye, kifi, da hatsin da ba a cire wa dusa duka ba, sun wadatar. Ko shinkafa ce, idan aka haɗa ta da wake da ganye, sukarinta ya fi shiga jini a hankali. Wanda ya rage madara kuma ya nemi kalsiyam a ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da riɗi, da ganyaye.

Magani na nan

Gyaran abinci taimako ne, ba ya maye gurbin magani. A ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ta fitar a 2024, abubuwan da ta ba da ƙwaƙƙwarar shawara a kansu su ne man benzoyl peroxide, da mayukan retinoyid irin su adapalene, da wasu magungunan kashe bakteriya na shafawa da na sha, sai isotretinoin ga ƙuraje masu tsanani. Sauya abinci bai shiga wannan sahu ba. Magungunan kan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin a fara ganin aikinsu, don haka hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Isotretinoin yana nakasa ɗan tayi, saboda haka haramun ne ga mai juna biyu ko mai shirin ɗauka, kuma ba a shan sa sai ƙarƙashin kulawar likita. Mai juna biyu ta guji retinoyid na shafawa da doxycycline ma.

Likitoci na ba da shawarar a je asibiti idan ƙurajen manya ne masu zafi a can cikin fata, ko sun fara barin rami da tabo, ko an yi wata uku ana magani babu sauƙi, ko kuma sun fara hana matashi zuwa makaranta da shiga mutane. Ramin da ƙurji ya bari yana da wuyar gyarawa, amma ana iya hana shi samuwa idan an fara magani da wuri.